Alhaji, Ba Idonka Ba Ne, Idon Motar Ne

Ina masu cewa daren Amurka ya fi na gida duhu? Ku matso kusa. Ina Alhajin da ya je aka canja masa tabarau, ya dawo yana zagin likita wai bai san aikinsa ba, saboda har yanzu in ya hau titin Beltway na Washington bayan isha'i lalube yake yi? Ranka ya daɗe, a bar likita ya huta. Fita da rana tsaka ka tsaya a gaban Camry ɗinka ka dubi fitilunta da kyau. In ka ga sun yi rawaya-rawaya, sun yi dishi-dishi, ƙwan da ke ciki ma da ƙyar kake hango shi, to ga mai laifin nan a gabanka. Motar ce ta yi yanar ido, kai kuma kake ta ɗiga wa naka magani.

Maganata ita ce wannan ciwon yana warkewa a gida, da bokitin ruwa, da samfefa, da kayan da ba su cika wuce dala 20 zuwa 25 ba a AutoZone ko Advance Auto Parts ko Walmart. Na san tun ban rufe baki ba gunaguni ya tashi daga Silver Spring har Woodbridge. Ku bi layi, kowa zai samu rabonsa. Manya ne gaba.

Baba, bismillah. Na ji ka. Ka ce a zamanin da kake jan Fijo 504 tsakanin Kaduna da Funtuwa fitila ba ta san wannan shashancin ba, sai dai dutse ya fasa ta, amma ba ta taɓa yin rawaya ba, don haka motocin yanzu duk jabu ne. Rabin maganarka gaskiya ne, kuma ba kullum nake ba Baba rabi ba. Fitilar Fijo gilashi ce, shi kuwa gilashi rana ba ta cin sa. A nan Amurka ma haka abin yake da: tun 1940 doka ta tilasta wa kowace mota fitilar gilashi rufaffiya, wuta da madubi da murfi duk a haɗe, in ta mutu a cire ta ɗungurungum a sa sabuwa. Sai a 1983, bayan kamfanin Ford ya kai kuka, hukumar tarayya mai kula da lafiyar motoci, NHTSA, ta sassauta, Lincoln Mark VII ta 1984 ta fito da irin fitilar da muka sani yau, wadda ake zare ƙwai kawai a bar gidan. Murfin gidan nan kuwa ba gilashi ba ne, wata roba ce mai tauri da ake kira folikabonet, wadda Hermann Schnell ya gano a kamfanin Bayer na Jamus a 1953, Daniel Fox na General Electric ma ya ci karo da ita kusan a lokaci guda. Ba ta da nauyi, tsakuwa ba ta tarwatsa ta, kuma ana iya lanƙwasa ta a yi wa mota irin idon da ake so, na mage ko na mujiya. Matsalarta ɗaya, ba ta jure rana. Akwai wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, shi ke karya jikin robar a hankali. Saboda haka tun a masana'anta ake shafa mata wata siririyar riga mai kare ta. Rigar nan ce ke tsufa. Ranar Yuli ta gasa ta daga waje, zafin ƙwai ya gasa ta daga ciki, gishirin da ake barbaɗa wa titi lokacin ƙanƙara ya ci rabonsa, yashin hanya ya karce ta, burushin gidan wankin mota ya ƙarasa. In ta mutu sai ta yi rawaya ta yi kaushi, haske in ya zo wucewa ya watse ko'ina maimakon ya miƙe kan kwalta.

Ka ga ke nan, Baba, lalacewar a waje take, a fata, ba ta kai kaurin takarda ba. Abin da ke waje kuwa hannu yana kai masa.

Na gaba. A'a, ashe ɗan'uwana Bakano ne. Sannu da lissafi. Kai cewa ka yi ai kana gani, me zai sa ka kashe dala 20 a kan abin da bai mutu ba. Ni Bazazzage ne, na san halinku tun ba yau ba, don haka da alƙalumma zan zo maka, su kaɗai kuke jin yarensu. A watan Disamba na 2018 ƙungiyar masu motoci ta AAA ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa fitilun da suka dusashe, ta tarar suna ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa. Ta kuma ce abin yana iya fara nunawa tun mota tana shekara 3 zuwa 5, ya danganta da inda take kwana da irin ranar da take sha. Kai da ba ka yarda a ci maka sisin kwabo ba, ga rana ta cinye maka kusan kashi 80 na haskenka kana ta murmushi. Dalilin da ya sa ba ka lura ba, ba a dare ɗaya aka kwashe ba. Kaɗan-kaɗan ake ɗiba, kai kuma kana ƙara sunkuyowa kan sitiyari, har wuyanka ya saba.

Kuma ka duba inda kake zaune. Ran Lahadin farko na Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, zuwa farkon Disamba ana kiran magariba a Washington biyar ba ta yi ba. Duk mai tashi aiki ƙarfe biyar cikin duhu zai koma gida. Daidai lokacin ne kuma barewar ƙasar nan ke shiga yanayin barbara, daga Oktoba zuwa Disamba, ta rasa hankalinta gaba ɗaya. Wanda ya saba bin George Washington Parkway ko Baltimore-Washington Parkway ko ya ratsa dajin Rock Creek da dare ya san ba ta neman izini kafin ta tsallaka. Ba irin 'yar barewar da muka sani ba ce, namijinta yana kai nauyin ƙato, in ya hau kan bonet sai mai gyaran bodi ya yi Sallah da kuɗinka. Wannan ma da sauƙi, ƙarfe ne. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙasa da mota ke kashewa a Amurka cikin duhu ake buge su. Duk wanda ya bi University Boulevard ta Langley Park da dare ya ga yadda mutane ke tsallaka titi da baƙaƙen rigunan sanyi, ba sai na ƙara masa bayani ba. A nan ba na wasa.

To mu koma wasa. 'Yan Maryland da 'yan cikin birnin Washington suna yi wa 'yan Virginia dariya, domin a Virginia kowace shekara sai an kai mota an duba lafiyarta, a biya dala 20, kuma fitila tana cikin abin da ake dubawa, har da saitinta da ƙarfin haskenta. In ba ta ci ba a manna maka takardar faɗuwa a gilashi, a ba ka kwana 15 ka gyara, ka yi ta yawo da ita har masallacin Dar Al-Hijrah ran Juma'a kowa yana karantawa. A Maryland galibi sai za a canja mai mota ake irin wannan binciken, bayan nan sai gwajin hayaƙi duk shekara biyu. Birnin Washington kuwa tun 2009 ya daina duba lafiyar motocin gida, hayaƙi kawai yake shinshinawa. Shi ya sa in ka tsaya a filin ajiye motoci na wani masallaci a Prince George's ta Maryland ka bi fitilu da ido, za ka ga rawayar da ta fi ta ɗorawa. Ku yi ta dariya, 'yan Maryland. Barewa ba ta karanta lambar mota.

Yanzu ga rundunar da ta fi kowa yawa, 'yan makilin. Kowane gida akwai ɗaya. Ya ga bidiyo a waya, wani ya shafa man goge baki a fitila ya murza da tsumma, cikin minti ɗaya ta yi tas. Malam, ba ƙarya aka yi maka ba gaba ɗaya. Makilin yana ɗauke da wani gari mai laushi ƙwarai da ke kankare dattin haƙori, kuma zai ɗan kankare saman robar. In dusashewar ba ta yi nisa ba za ka ga canji. Amma an yi shi ne don kada ya cinye maka haƙora, saboda haka ba shi da ƙarfin cire matacciyar rigar nan duka, kuma ba ya barin komai da zai kare wurin. Bayan 'yan makonni fitila ta koma gidan jiya, sai dai tana ƙanshin na'a-na'a. Masu lemon tsami da bakin soda ku ma ku shiga wannan sahun, kada ku tsaya a baya kuna ɓuya.

Akwai waɗanda suka fi su ƙarfin hali, masu fesa maganin sauro. Su ma abin yana ba da mamaki a take, domin sinadarin DEET da ke ciki narkar da roba yake yi. Sheƙin da ka gani fuskar fitilarka ce ta narke ta kwanta. In ya bushe sai ta yi danƙo ta kama ƙura, in ya zubo kan bamba ya taɓa fenti, ka sayi wata sabuwar rigimar. Mai WD-40 kuwa bai cuci kowa ba sai wanda zai sayar wa motar: man yana cike ƙananan ramukan fitila ta yi kyau, ruwan sama na farko ya wanke shi. Dillalai sun san wannan, ba zan ce komai ba, muna haɗuwa a wurin biki.

Sai samarin zamani masu cewa a bar wahala, a sayo ƙwan LED mai farin haske a cusa. Ƙanena, tsaya ka ji. Ƙwanka ba shi ne mara lafiya ba. In ka ƙara ƙarfin wuta a bayan murfin da ya yi kaushi, hasken da zai watse ne ka ƙara, ya tafi sama da gefe ya shiga idon mai tahowa. Kuma madubin da ke cikin gidan an ƙera shi ne daidai da inda zaren ƙwan halojin yake zama, in ka sa wani iri saitin ya ɓaci. Kai a zaune kana ganin gaban bamba ya yi fari fat kana jin daɗi, nesa kuwa ba ta ƙaru ba, mu da ke tahowa muna ta yi maka addu'ar da ba za ka so ka ji ba. Dokar tarayya ma ba ta amince da irin wannan musanyen a gidan halojin ba.

Hajiya, na ga kin ɗaga hannu tun ɗazu. Kin ce samfefa a kan Highlander ɗinki, wadda kika yi ta aikin dare a asibiti kina biya wata-wata? Allah ya kiyaye. Ban ga laifinki ba, domin nan ne kowa ke tsorata, kuma nan ne aikin yake. Bari in bi da ke daki-daki.

A samu inuwa, a ranar da ba ruwa ba iska ba sanyi mai tsanani. Ƙarshen bazara ko farkon kaka ya fi. A guji Afrilu, lokacin da garin furen itatuwa ke sauka ya mayar da kowace mota a yankin nan ruwan ɗorawa, domin zai manne a kan abin da za a shafa a ƙarshe. A wanke fitilar da sabulu. A buɗe bonet, a zagaye fitilar da salatif irin na masu fenti, ninki biyu ko uku, saboda samfefa ba ta bambanta roba da fenti. Sannan a ɗauko samfefar da ke shan ruwa, a jiƙa ta. Lambar da ke bayanta tana faɗin kaushinta: ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. Fitilar da ta yi muni a fara mata da 600 ko 800, wadda ba ta yi nisa ba 1000 ta isa. A riƙa fesa ruwa ana gogawa daga hagu zuwa dama, a miƙe, ba zagaye ba, ba kuma da ƙarfin daka ba. Za a ga ruwa mai rawaya yana gangarowa. Matacciyar rigar ce ke fita. A ci gaba har ruwan ya koma fari kamar madara, ko'ina na fitilar ya yi dishi iri ɗaya, babu tsibirin sheƙi da ya rage, musamman a gefe da lungu inda hannu ke ƙyuya.

A wannan gaɓar, Hajiya, fitilar za ta fi yadda aka same ta muni. Fari fat, ba a ganin komai ciki. Nan ne maƙwabci zai fito da shara ya tsaya yana girgiza kai, maigida kuma ya leƙo ta taga ya ce ai dama ya faɗa. Kada ki kula su. In da 600 ko 800 aka fara, a ɗauki 1000 a goga daga sama zuwa ƙasa, wato a gicciye zanen farko, har sai ya ɓace. Sai 2000 a koma hagu da dama, sai 3000. Kowace samfefa aikinta share tabon wadda ta gabace ta, shi ya sa tsallake lamba ba wayo ba ne, in an yi tsallen karcen zai fito ranar da hasken rana ya bugi wurin. Zuwa 3000 in an watsa ruwa za a fara hango ƙwai. Sai a tsane, a ɗiga man goge fenti mai laushi a kan tsumma mai taushi a murza. Mai injin huda na hannu yana iya ɗaura masa soso, amma a hankali kuma kada a tsaya wuri ɗaya, zafi yana ƙona robar, ƙunar kuwa ba ta gyaruwa da sauƙi. A nan ne maigida zai sauko da kansa ya ce dama haka ya ce a yi.

Saura mataki ɗaya, shi ne wanda mutanenmu ke watsarwa saboda fitila ta riga ta yi kyau kuma an kira la'asar. Ku tuna me aka yi: an kankare rigar masana'anta gaba ɗaya, robar tana tsirara a gaban rana. In aka bar ta haka, cikin 'yan watanni za ta yi rawayar da ta fi ta farko, sannan mutum ya zo majalisa yana shelar cewa ya gwada abin nan ƙarya ne. Yawancin masu gardama da ni daga wannan gidan suka fito. Dole a goge wurin da barasar asibiti don cire maiƙon man, a bari ya bushe ƙayau, sannan a shafa sabuwar riga mai kare UV. Kafin ka sayi kowane kwali, ko na 3M ne ko Sylvania ko Meguiar's ko Cerakote, juya bayansa ka tabbata akwai wannan abin shafawar a ciki, domin ba kowane ne ke zuwa da shi ba, wasu sai an saya daban. A shafa sau ɗaya a miƙe, kada a yi ta komawa ana gyare-gyare, a bar shi ya bushe gwargwadon abin da aka rubuta, ruwa kada ya taɓa. Akwai fentin feshi marar launi mai haɗi biyu irin na masu gyaran bodi, ya fi daɗewa, amma tururinsa guba ne ga huhu, ba abin fesawa a gareji rufe da takunkumin korona ba ne. A ra'ayina mai koyo ya bar shi.

Na hango mutumin Damagaram a can baya yana murmushin mugunta, wai yanzu zan ce ta dawo sabuwa dal. Ba zan ce ba. A gwajin AAA ɗin nan, gyara ya mayar da haske zuwa kusan kashi 70 cikin 100. Fitilar kasuwa wadda ba ta ainihin kamfani ba ta ba da 83 zuwa 90, ta ainihi ce kawai ta cika 100, kuma a lokacin sun ce canji yana cin dala 130 zuwa 430. Wannan a 2018 ke nan, kuma ga motocin talakawa. Mai sabuwar mota da fitilar LED haɗaɗɗiya in ya ji kuɗin guda ɗaya sai ya nemi wurin zama. Daga 22 zuwa 70 ya ninka sau uku da ɗoriya, a kan kuɗin da bai kai na cin abincin mutum biyu a gidan jalof na Hyattsville ba. Kuma rigar da ka shafa da hannu ba za ta kai ta masana'anta ƙarko ba, motar da ke kwana a waje za ta so a sake shafa mata bayan shekara ɗaya ko biyu. Sannan akwai fitilar da ta fi ƙarfin samfefa. In gumi ne ke taruwa a ciki, ruwa ya samu ƙofa, sai a nemi inda ya ɓalle. In ka haska ka ga tsagogi sirara sun ratsa cikin jikin robar, ko madubin ciki ya ƙone ya yi baƙi, ajiye bokitinka ka tafi neman wata, ko a wurin motocin da suka yi haɗari ne.

Bayan an gama, a jira dare a tsayar da mota a fili daidai, tazarar ƙafa 25 daga bango, a kunna. In ido ɗaya yana kallon sama ɗaya yana kallon ƙasa, akwai noti a bayan gidan fitilar da ake juyawa a daidaita, littafin motar yana nuna wurin. Fitilar da ta yi tas amma tana haska reshen bishiya tsuntsaye kawai ta yi wa aiki.

Alhaji, na dawo gare ka, domin na san ainihin abin da ke damunka ba kuɗi ba ne, girma ne. Kai da a Fagge ko ƙurar gilashi ba ka gogewa da kanka, yaro ne ke rugowa da tsumma, yanzu a gan ka durƙushe a gaban mota da samfefa? Allah ya ƙara girma, amma yaron nan bai samu biza ba. A nan bakanike yana cajin fiye da dala 100 a awa ɗaya, kuma maƙwabcinka Bature mai aiki a Pentagon ran Asabar yana ƙarƙashin motarsa da gajeren wando, bai ragu da komai ba. Abin da za ka duba kawai shi ne dokar gidan hayarku ko ta ƙungiyar unguwa, wasunsu ba sa son a ga ana gyaran mota a fili. In sun yi magana ka ce wanki kake, ga bokiti ga sabulu shaida. In kuma gwiwa ce ba ta yarda, ai akwai ɗanka da ke jami'ar Maryland yana cin tuwonka kyauta.

Su kuma masu sayen motoci a gwanjon Copart suna turawa ta tashar jirgin ruwa ta Baltimore zuwa Kwatano ko Legas, ku ne ya kamata ku fi kowa saurare. Motar da ta dusashe a ranar Maryland, ina ga ta sauka Maraɗi ko Kano a watan Afrilu, ga rana ga ƙurar hunturu mai zuwa? Ku gyara kafin a ɗora, ku shafa rigar da kyau, ku jefa kwali ɗaya a but don ƙanen da zai karɓa. In ba haka ba zai shiga Ƙofar Ruwa neman fitila 'yar Baljiyam, a sayar masa da wadda wani Bakano ya goge da WD-40 da safiyar ranar, kuma ku zai kira ku turo kuɗin.